Azumin da Malam Ya Daina Zuwa Bakin Kanal

Zafin bana ya zo da wuri. Tun hantsi nake jan tabarmata zuwa gindin darbejiya, kafin azahar inuwar ta gudu ta bar ni. Ruwan randa ma da ɗumi yake fitowa. Jikokina sai mita suke yi, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ba ƙanƙara a gari. Ni kuwa duk sanda bazara ta matsa haka, har na ji gumi yana bin bayana ina zaune ban motsa ba, ba abin da yake faɗo mini sai azumin da muka yi a shekarar da ta biyo bayan farin nan, wajen shekara arba'in ke nan, ina da goyo na biyu a baya.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, babban kanal ya ratsa ta gabas da shi. Maigidana Malam Idi, Allah ya ji ƙansa, sai yanzu da na tsufa nake iya kama sunansa, asalinsu masunta ne. Da gwamnati ta kawo ruwa aka yanka gonaki, suka rataye komar kamun kifi suka kama noman rani kamar kowa, alkama da tumatir da sanyi, masara in zafi ya shigo. Amma iyon da ya gada bai bar shi ba. Shi kanal ba kamar kogi yake ba. Gefensa siminti ne a gangare, gansakuka ta lulluɓe shi, in ƙafa ta zame ba abin kamawa. Ka gan shi a kwance kamar ba ya tafiya, ƙasa kuwa ja yake yi. Shi ya sa in aka ji ihu daga can, gidanmu ake fara rugowa.

Su biyar ne masu shiga ruwan, Malam ne babbansu. Ba wanda ya naɗa su, ba wanda yake biyansu. Doguwar igiya da gora suna rataye a zaurenmu rani da damina. Shi yake cewa wane ya shiga, wane ya riƙe igiya. In an fito da mutum da sauran numfashi, shi yake kifa shi ya matse masa ruwan. In kuma rai ya yi halinsa, shi yake rufe shi da rigarsa, shi yake zuwa ƙofar gidansu ya yi sallama. Sauran sai su watse, kowa ya nufi gidansa. Malam ya dawo, ya yi wanka, ya sake riga, ya ce a ba shi abinci. In na ce, "Malam, yaya aka ƙare?" sai ya ce, "Da sauran kwana," ko ya ce, "Allah ya yi ikonsa." Iyakarta ke nan. Haka na tarar da su, na kuma ɗauka haka ake yi.

Daminar da ta gabata ba ta yi ba. Gero ya fitar da kai babu ido, dawa ta bushe a tsaye. Mu na bakin ruwa mun fi wasu, amma mu ma rumbu ya yi ƙasa sosai, sai an zura jiki kafin a taɓo hatsi. Tun kafin sanyi ya wuce mutane suka fara sauka daga arewa. Da can maza kaɗai suke zuwa cirani. Wannan karon har da mata da yara da tukwane, suka kafa bukkokin kara a gefen gonaki, suna tsinkar tumatir da ban ruwa a ba su abin da za su sa a baki. Fulani ma suka gangaro da shanu, haƙarƙarinsu duk a waje.

A haka watan azumi ya kama, zafi yana tsakiyarsa. Da asuba mu ɗumama tuwon jiya mu yi sahur, mu cika ciki da ruwa. Gari yana wayewa ni da Iya, mahaifiyar Malam, mu kama surfe tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Daga nan mu yanka ragowar tumatir na ƙarshen kaka, ƙanana masu tabo da ba sa shiga kwando, a shanya a kan soro. Kafin azahar gari ya yi tsit. Kaji su buɗe baki a gindin randa. Mu jiƙa zane mu lulluɓa, kafin ka juya ya bushe. Yara duk ƙurajen zafi sun feso musu a wuya. Hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi, mu zuba ido, iska ta zo ta watsa shi, ta bar mu da ƙaiƙayi a jiki.

In an yi la'asar sai in hura wuta. Kunun tsamiya tsararo, don ya isa. Tuwo kuwa garin masara ne a haɗa da na rogo, miyar kuka da ɗan daddawa, nama sai dai labari. Duk da haka Iya ba ta yarda a sha ruwa ba a kai ƙwarya ɗaya bukkokin baƙi ba. In na ce, "Iya, yau fa kunun ba zai kai ba," sai ta ce, "Ƙara masa ruwa. Su ma ruwan suke nema."

Baƙin nan ba su san kanal ba. Zafi ya kore su, su gangara su watsa ruwa, ko mace ta miƙa hannu ta ɗebo, shi ke nan. Kiran da a da sai a yi wata ba a yi ba, ya zama kusan kowane mako. Liman ya faɗa a wurin tafsiri cewa wanda ya shiga ruwa don ceton rai, in ruwa ya wuce masa ko ya ji zai galabaita, ya sha, ya rama bayan Sallah, ba laifi a kansa. Amma su Malam ba sa sha. Su fito daga nutso leɓɓansu a bushe, idanu sun faɗa, su ƙarasa azuminsu.

Ranar da abin ya faru azumi ya kusa rabi. Bayan azahar ne, Malam yana kishingiɗe a zaure, na ji gudu da ihu, na ji an fizgi igiya daga bango. Bai dawo ba sai dab da magariba. Ya shigo, ya zauna a bakin ɗaki da jiƙaƙƙen wando. Aka kira salla, na miƙa masa kunu, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye.

Labarin a bakin Talatu na ji, matar Habu. Habu shi ne ƙaraminsu a cikin masu shiga ruwa, katangarmu ɗaya da su. Ta ce wani ɗan cirani ne ya gama ban ruwa ya gangara wanka, a daidai sama da inda kanal yake shiga ƙarƙashin titi ta manyan bututai. Wurin kowa a garin yana tsoronsa. Aka ɗaura wa Habu igiya a ƙugu ya yi nutso. Ruwa ya ja shi har bakin bututun. Sai da duk suka taru a kan igiyar, har da 'yan kallo, kafin suka fizgo shi, ya fito yana amai, jini yana zuba ta hanci. Tanko, wanda yake bin Malam a girma, ya fara cire riga zai shiga. Malam ya ce a'a.

"Ba wanda zai ƙara shiga. A naɗe igiya. An gama."

Matar mutumin tana wurin, Dije sunanta. Ta ratsa maza ta kama rigar Malam da hannu biyu, ta ce, "Da ɗan'uwanka ne a ciki, za ka ce an gama?"

Talatu ta ce Malam bai ce mata uffan ba. Ya tsaya har mata suka ɓamɓare hannunta.

Washegari aka ga gawar can ƙasa, ta wajen Bunkure. Malam ne ya je ya ɗauko, shi ya tsaya a kan wanka da sutura, shi ya shiga kabari ya karɓa.

Kwanakin da suka biyo baya hankalin kowa yana kan Habu. Ƙirjinsa yana ciwo, ba ya barci, in ya rufe ido sai ya zabura. Malam ya sa shi a keke ya kai shi ɗakin shan magani a Kura. Kullum da magariba ya aika a kira shi su sha ruwa tare. Ina jin sa ta bangon madafi, don madafina jikin zaure yake, yana ce masa, "Ka yi iya yinka, Habu. Ba wanda zai yi fiye da haka. Ci abinci." A hankali Habu ya dawo daidai, har na fara jin dariyarsa ta katanga.

Shi Malam ba wanda ya duba shi. Ni ma sai a hankali na lura. Tuwon da nake zuba masa yana dawowa da rabi, na ce ko zafi ne. In ya zauna alwala sai ya zuba ruwa a tafin hannu ya tsaya yana kallonsa, har ya tsiyaye ta tsakanin yatsu, ya sake zubawa. Ranar da ruwa ya zagayo layin gonarmu bai je ba, ya ce kansa yana ciwo. Zagaye na gaba ma bai je ba. Masarar nan kuwa ita muka sa wa rai, ita za ta kai mu kaka. Ta fara fitar da bununi, lokacin da ba ta son ƙishirwa ko kaɗan. Masu wucewa suka fara cewa ganyenta ya naɗe.

Wata rana da yamma babbar 'yarmu, ba ta fi shekara huɗu ba, tana wasa da ruwan da na tara a baho, ta tsoma kai tana hura kumfa. Malam ya fito daga ɗaki ya gan ta. Tsawar da ya daka mata sai da Iya ta saki taɓarya. Ya fizge ta, ya kifar da bahon da ƙafa, ruwan da aka sha wahalar ɗebowa ya bi ƙasa. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa yarinyar nan murya ba. Ta ruga bayan Iya tana kuka. Shi kuma ya tsaya a tsakar gida, kamar bai san wanda ya yi ba.

Bayan kwana biyu aka sake rugowa. Ɗan maraƙin Fulani ne ya zame. Na ji Tanko yana sallama a ƙofar zaure, yana cewa, "Malam, fito mu je." Malam yana zaune a ɗaki a bakin gado. Na leƙa na ce, "Ana kiranka." Bai ɗago ba.

"Ce musu su ɗauki igiyar."

"Ba za ka ba?"

Ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, ya ce, "Hajara, ƙafafuna sun ƙi."

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin ya ce wani abu ya fi ƙarfinsa ba. Na aika aka miƙa musu igiyar, na koma madafi na zauna a gaban murhu, wutar ma na manta ban hura ba.

Yanzu ina jin ana cewa a Kano akwai likitocin da aikinsu ke nan, mutum ya je ya zauna ya faɗa musu abin da yake cin zuciyarsa, har masu kashe gobara da masu ɗaukar waɗanda suka yi hatsari ana kai su. A lokacin abin ko suna ba shi da shi a wurinmu. Iya ta ce mutanen ruwa ne suka taɓa shi, gadon gidansu ne, kakansa ma sai da aka yi masa magani. Ta turara ɗakin har idona yana hawaye. Da ta ga ba sauyi, ta ce in yafa mayafi mu je gidan Liman.

Bayan an sha ruwa muka je. Muka zauna a ɗakin uwargidansa, ya shigo ya tsaya daga bakin ƙofa. Dattijo ne mai makarantar allo, shi ma da gonarsa a layinmu, tafin hannunsa duk kanta. Iya ta zayyana masa komai. Ya saurara har ta gama, sannan ya juyo wajena.

"In sun dawo daga ruwa, yana ba ki labari?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ina tambaya, ba ya faɗa."

"Su yaran nasa masu shiga ruwa, in abin ya dame su, wa suke faɗa wa?"

"Shi."

"Shi kuma fa?"

Na duba Iya, Iya ta duba ni.

Liman ya ce, "Ni da kuke gani, ranar da na wanke gawar ƙaramin yaro, abinci ba ya shiga. Amma ni ina da yayana a Dawakin Kudu, in ya taru mini sai in hau keke in je in zauna a wurinsa. Shekara nawa Idi yana kai wa mutane labarin mutuwa ƙofar gida? Ni kaina ban taɓa ce masa yaya ka kwana da shi ba." Ya ce wa Iya zai yi rubutu a kawo, a ba shi ya sha. "Amma gobe a ƙara hannu a kunu. A zaurenku zan sha ruwa."

Ya zo kuwa, da 'yar ƙwaryarsa da dabino a aljihu. Na kasa kunne ta bango ina jira in ji ya fara yi masa nasiha. Ko kusa. Hirar taki suka yi, da tsadarsa, da yadda hadari yake yaudarar mutane. Malam yana amsawa da "haka ne" da "to". Aka yi isha'i Liman ya tafi. Washegari ya dawo. Wanshekare ma ya dawo, wannan karon da Habu da Tanko a bayansa, daga baya sauran biyun ma suka biyo. Kunun da nake damawa ya zama kusan ruwa zalla, ba wanda ya yi ƙorafi. Talatu takan miƙo ɗan ƙosai ta katanga in ta samu, matar Tanko ta aiko da dafaffen zogale.

Ashe kuma tun ranar da ruwa ya sake zagayowa, su Habu suka raba gonarmu a tsakaninsu. Wannan ya buɗe mata ruwa da sassafe kafin ya je tasa, wancan ya zo ya toshe. Ba su gaya wa kowa ba. Wani maƙwabcin gona ne ya yi wa Malam barka, ya ce masara ta miƙe. Da magariba na ji muryarsa ta tashi a zaure.

"Wa ya sa ku? Na ce muku na gaza ne?"

Habu ya ce, "Ba ka ce ba, Malam. Mu ma ba mu ce ba. Masarar ce ta ce."

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Malam bai yi ba, amma bai ƙara magana a kai ba.

Ana cikin goman ƙarshe ya buɗe baki. Ranar zafin ya fi na kullum, ko ganye ba ya motsi, ina kwashe tuwo gumi yana ɗiga a hannuna. An sha ruwa, an yi salla, sun dawo sun zauna. Ba wanda ya tambaye shi komai. Sai kawai na ji ya ce, "Liman, maganar matar nan ce ta hana ni sakat."

Na ajiye mara.

"Ta ce da ɗan'uwana ne, zan ce an gama? Kullum sai na tambayi kaina. Wallahi ban sani ba. Ina jin da ƙanena ne, da na shiga da kaina. To me ya sa shi ban shiga ba? Don baƙo ne? In na zuba ruwan alwala, hannunta nake ji a rigata."

Na ɗauka Liman zai jawo aya ko hadisi. Habu ne ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Malam, ni na je bakin bututun. Ku ba ku gani ba. Duhu ne, ruwan kuma kamar an ɗaure ka da shi ana ja. Ban ga mutumin ba, ko ƙafarsa ban taɓa ba. Ya riga ya wuce tun kafin mu zo. Da ƙanenka ne ka shiga, da Iya ta rasa biyu."

Sai Tanko ya yi gyaran murya. Tanko mutum ne ƙato, mai faɗin ƙirji, yara suna cewa ba ya tsoron komai. Ya ce, "Ni ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko matata. Ranar ina cire riga ina addu'a a zuciyata Allah ya sa ka hana ni. Idon mutane ne ya sa na kama rigar. Da ka ce a naɗe igiya, saura kaɗan in durƙusa. Tun ranar kunyarka nake ji, ina ganin kamar ka gane."

Malam ya ce, "Ban gane ba."

"To yau ka ji."

Daga nan na ji wani sauti da ban san shi ba, sai da na saurara na gane Malam ne yake kuka. Ba da ƙarfi ba, kamar mai tari yana dannewa. Ba wanda ya ce ya yi haƙuri, ba wanda ya tashi. Iya tana zaune a bakin turmi, ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai can na ji Liman yana cewa, "Tuwon nan zai huce. Idi, matso."

Ba zan ce washegari ya tashi garau ba. Abinci dai ya fara shiga. Ya kira 'yarsa ya ɗora ta a cinya, ya daɗe yana shafa kanta. Gona kuwa sai da Habu ya zo ya tsaya a ƙofa ya ce ba zai tafi ba sai da shi. Suka bi ta doguwar hanya, wadda ba ta bi ta bakin babban kanal, suka je ya ga masararsa ta yi goyo.

Ana jibi Sallah ƙanin mijin Dije ya zo daga garinsu zai tafi da ita ta ƙarasa takaba a gida. Ta shigo yi mana sallama, don ƙwaryar Iya ba ta fasa zuwa bukkarta ba. Siririyar mace ce, ba ta girme ni ba, da ɗa a baya. Muna zaune Malam ya shigo daga masallaci. Ya gan ta ya tsaya cak. Ta sunkuyar da kai ta gaishe shi, ta ce an gaya mata shi ya ɗauko mijinta, shi ya sa shi a kabari, Allah ya saka masa da alheri.

Malam ya ce, "Baiwar Allah, maganar da kika yi mini a bakin ruwa, ban da amsarta a ranar. Ki yafe mini."

Ta ɗago ta dube ni, ta dube shi. "Wace magana?"

Iya ce ta maimaita mata. Dije ta dafe baki.

"Ni na faɗi haka? Wallahi ban sani ba. Ni daga sanda aka ce ya faɗa, ban san inda nake ba sai da na gan ni a bukka mata sun kewaye ni." Hawaye ya zubo mata. "Ashe har na ɗora maka wannan. Kai za ka yafe mini."

Ya ce, "Ba ki yi mini komai ba. Allah ya ji ƙansa, ya raya abin da ya bari."

Ya shige ɗaki. Iya ta ƙulla mata busasshen tumatir da ɗan gari a tsumma, muka raka ta zaure.

Ruwan farko ya sauka kwana kaɗan bayan Sallah, da la'asar. Iska ta fara zuwa da sanyi, ta kwashe mana shanya, sannan aka sake shi kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya cika gida. Muka jera tukwane da bahuna a bakin indararo, yara suka fita tsirara suna tsalle. Malam ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kallonsu, 'yarsa ta jawo hannunsa, ya bi ta har tsakar gida, ruwa yana dukansu su biyu. Kafin mako ƙurajen wuyan yara sun baje, gari ya fita shuka, baƙi suka fara kwance bukkoki suna komawa gida.

Ana cikin noman fari aka sake rugowa, da hantsi. Wata matar Fulani ce mai tallan nono ta gangara wanke ƙwarya. Na ji sallamar Tanko a ƙofa, gabana ya faɗi. Malam yana gyara ƙotar fartanya a tsakar gida. Ya ɗan jima a tsugune, sannan ya ajiye ta, ya miƙe, ya shiga zaure. Na ji ƙarar igiya tana barin bango.

Ban iya komai ba har suka dawo. Na ɗauki tsintsiya na ajiye, na ɗauki goyo na sauke. Wajen azahar na ji muryoyinsu, ba shi kaɗai ba, dukkansu. An fito da ita da rai. Malam bai shiga ruwan ba ranar, shi ya riƙe igiya, Tanko ya shiga. A ƙofar gida suka fara sallama za su watse kamar yadda suka saba, sai na ji ya ce, "Ina za ku? Ku shigo ku zauna." Ya leƙo ya ce, "Hajara, akwai abin taɓawa?"

Ɗan dambu ne da na yi wa yara, na juye a faranti na kai bakin zaure. Suka zauna da jiƙaƙƙun kaya suna ci. Can Malam ya ce, "Ni dai yau da muka doshi bakin ruwan, sai da tsoro ya kama ni."

Tanko ya ce, "Ni da ƙafata ta taɓa gansakukar nan, sai da na yi salati." Habu ya ce shi hannunsa har yanzu bai daina rawa ba, a duba. Suka daɗe a zauren, suna faɗar abin da ke ransu suna dariya, wani lokaci su yi tsit. Dambun bai ishe su ba, har ƙanzon tukunya sai da na kankaro musu.

Daga ranar, in na ji ihu ya taso daga gabas, kafin su kai bakin ruwa na ɗora babbar tukunya.